Wadda Ba a Ƙidaya Ba a Damari

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Kankara, mu huɗu, bayan motar cike da dilolin gidan sauro. Damina ta cinye titin Sheme, har direbanmu ya ce shi ba tuƙi yake ba, zaɓen rami yake. A Sheme muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, mai suyar ta ce mu tuhumi wake, ba ita ba. Muka sauke rabin kayan a Faskari, muka miƙe Damari ta ƙasar Sabuwa, dawa ta rufe hanya hagu da dama.

Tsarin rabon mai sauƙi ne. Makonni biyu baya mun bi gida-gida mun rubuta mutane, muka ba da kati, kowane mutum biyu gidan sauro ɗaya. Ba rara, abin da ke katinka shi ne naka.

Bayan rabo na zaga in nuna yadda ake ratayawa. A wani gida da ni na rubuta da hannuna, na tarar da wata matashiya da tsohon ciki kwance a tabarma, ɗakinta ba gidan sauro. Na duba takardata, ba ta ciki. Na tambayi uwar gidan, ta sunkuyar da kai, ta shige madafa.

Kakar gidan ce ta yi min bayani. "Ɗiyata, mi kika tambaye ta ran nan?"

Na ce, "Inna, cewa na yi ta faɗa min 'ya'yanta."

"To, wagga ɗiyar fari ce, goyon ciki ta zo. Uwa ta kama sunan ɗiyar fari da bakinta? Ai da kunya."

Ni ma 'yar fari ce, har yau mahaifiyata ba ta kiran sunana, amma da na riƙe biro sai na manta. Ga shi mai ciki ce zazzaɓin cizon sauro ya fi yi wa illa, kaya kuma sun ƙare.

Ina tsaye ina saƙe-saƙe uwar ta fito, ta shiga ɗakinta ta kwance nata gidan sauron. Ta miƙo min, fuskarta a gefe. "A rataya ma waccan," ta ce.

Muka kamo hanya tun la'asar, don ba a yin dare a hanyar nan. Na koyi cewa tambaya ma sai an san wa ake yi wa ita, kuma daga yau kaka zan fara nema a kowane gida. Amma daminar bana, saboda kuskurena, akwai wata uwa a Damari da za ta kwana a fili sauro na cizon ta, kuma na san ba za ta faɗa wa kowa dalili ba.