Ranar da Robar Farfela ta Saki

Ba na jin zan taɓa mantawa da wata ranar Talata a ƙarshen rani, lokacin ina direban jirgin ma'aikatan ruwa a Tiga. Mun je aiki tsallaken dam, sai ga wani dattijo, Malam Hudu, yana haki. Kububuwa ce ta sari ɗansa Sabi'u a gonar albasa. Hanyar mota zuwa asibiti zagaye ce mai nisa. Shugabanmu ya ce, "Garba, ɗauke su. Mu ma jira."

Na ba inji wuta. Ruwa ya ja baya a lokacin, itatuwan garuruwan da dam ya cinye sun matso sama. Muna tsakiya na ji ƙum! Inji ya hau kururuwa, jirgi kuwa sai sanyi yake yi.

Ku da ba ku taɓa buɗe ƙasan injin ba: ƙarfinsa yana sauka ne ta wata sanda zuwa akwatin giya da ke cikin ruwa, giya ta juya farfela. Tsakanin farfelar da sandarta akwai roba. An sa ta ne don idan an daki abu ita ta saki, kada haƙoran giya su kakkarye. Na ɗaga injin na duba. Mai ba ya tsiyaya, giya lafiya. Robar ce ta saki. Irin wannan, a hankali tana ɗan riƙewa, da ka matsa sai ta zame.

Na rage wuta, muka fara rarrafe.

"Yaro, ƙara wuta mana!" in ji Malam Hudu. "Ba ka ga ƙafarsa ba?"

Na gani. Ta kumbura, ga jini a dasashinsa.

"Baba, in na ƙara, nan za mu tsaya."

Ya kai hannu zai murɗa da kansa, na riƙe shi. Ni ma hannuna ƙaiƙayi yake yi. Gaɓa tana gabanmu, ta ƙi matsowa. Can ya janye hannunsa, ya ɗauki filafili ya shiga tuƙi yana salati.

Mun isa. An samu allurar maganin dafin a asibiti, Sabi'u ya tashi, sai dai ya rasa yatsa ɗaya.

Abin da nake gaya wa sababbin direbobi ke nan: ƙara wuta, kowa ya iya. Wahalar aikin nan ita ce ka rage ta alhali uba yana kuka a kunnenka.