Kaskon Borghild a Layin Jirgin Fito

Borghild ba ta cin harshen kifi. Da wannan zan fara, domin a ƙauyenmu, can ƙarshen tsibiran Lofoten, hakan ya isa a san mutum da shi har ya bar duniya. Makaranta ɗaya muka yi, tana gabana da aji guda. Tun a lokacin ba ta da yawan magana, ɗan abin da take faɗa kuma ba ta zuba masa sukari. Ta yi aure da ƙuruciya. Wata safiya mijin ya fita kamun kifi, aka tsinci jirginsa, shi ba a tsince shi ba. Ba su haihu ba. Daga nan ta kama dafa wa ma'aikatan kamfanin kifi abinci, ta yi ta yi har ƙafafunta suka ce sun gaji. Gidanta shi ne jan nan na ƙarshe kafin tashar jirgin fito. Duk rayuwarta tana kallon matafiya ta tagar kicin, ita kuwa iyakarta birnin Bodø, can ɗin ma asibiti ne ya kai ta.

Abin da ya sa nake ba da labarinta ya faru ne a shekarar da jikata Eirin take ajin ƙarshe. 'Yan ajin ƙarshe sukan yi tafiya a bas zuwa Poland, su ga wuraren da aka tsare mutane a lokacin yaƙin duniya na biyu. Makaranta ba ta karɓar kuɗin tafiyar daga hannun iyaye. Aikin gayya ajin yake yi, a zuba a asusu ɗaya, kowa ya tafi. A wajenmu kuwa aikin yara sananne ne. Idan babban kifin nan skrei ya sauko daga arewa bayan sabuwar shekara, kawunan da aka sare a kamfani ana tara su a manyan akwatuna, harsunan kuma na yara ne. Babba bai isa ya sa musu wuƙa ba, sai marar kunya. Da an tashi daga makaranta sai su sa rigunan roba, su jeru cikin sanyi, a ɗaga kan kifi a caka shi a tsinken ƙarfe, a yanke harshen, a jefar da kan. Ni ma na yi, ɗana ma ya yi.

Aikin na hannu biyu ne. Eirin kuwa an haife ta hannunta na hagu ba shi da ƙarfin riƙo. Ba mu taɓa mai da shi abin magana a gida ba, ita ma haka. Ta je ranar farko tare da kowa. Kan kifin ya yi ta zame mata yana faɗuwa ƙasa. Wani ɗan ajinsu, Sindre, mai bakin da ba ya hutawa, ya ce mata kifin nan fa ya riga ya mutu, ba sai ta yi masa tausa ba. Ba da mugunta ya faɗa ba, haka suke yi wa juna. Ta yi dariya tare da su, ta wanke wuƙarta, ta dawo gida. Ba ta koma ba.

Bayan 'yan kwanaki ta sami malaminsu Kyrre ta ce ya cire sunanta daga tafiyar. Ya ce mata asusun na kowa ne, ba a tambayar wa ya zuba nawa. Ta ce ta sani, amma ba za ta zauna a kujerar da sanyin hannun wasu ya biya ba. Uwarta ta yi magana, ubanta ya yi faɗa. Ni na bari har ta zo gidana cin abincin Lahadi, sannan na ce ina da ɗan abin da na ajiye, zan iya zubawa da sunanta ba wanda zai ji.

Ta ce, “Kaka, riƙe kuɗinka ka sayi haƙora.”

Ban ƙara ba. Na san inda ta gado wannan halin, kuma ba daga dangin uwarta ba ne.

A wannan shekarar kamfanin ya ce harsunan sun yi masa yawa, ba zai saya da daraja ba. Sai yaran suka koma bin gida gida da ledoji. A nan muka yi abin da sai mu. Yaro ba ya tsayawa a ƙofarka cikin ƙanƙara da leda a hannu ka ce masa a'a, ba a yi. To amma kowane gida akwai ɗa ko jika ko ɗan ɗan'uwa mai yanka. Na saya a hannun yaron maƙwabcina, maƙwabcina ya saya a hannun 'yar ƙanwar matarsa, ita kuma uwarta ta saya a hannun Sindre. Firiza ta cika a kowane gida. Muka ci harshe da rana, muka ɗumama da yamma. Idan an haɗu a shago sai a ce bana harshe ya yi daɗi, kowa ya gyaɗa kai yana kallon wani wuri. Kyanwata ma ta kai ga idan na ajiye mata sai ta dube ni ta fita. Da tafiya ta yi tafiya, sai ka ga labule ya motsa idan yara sun ƙwanƙwasa, amma ba a buɗe ba.

Mutum ɗaya ce ta buɗe ƙofa tun ranar farko ta ce ba ta saya. Borghild. Yaran suka daina bi ta wajen, wasu iyayen ma suka ɗan ji haushi.

Lokacin kifi ya kai rabi, asusu bai kai ko kusa ba. Kyrre ya kira taron iyaye, ni na je a madadin ɗana da yake kan ruwa. Borghild tana wurin, domin ba a taro a ƙauyen nan ba ita ta dafa gahawa ba. Aka yi ta zagaye. Wani ya ce a ƙara saye, wata ta ce ita za ta karɓi leda biyu duk mako, ta faɗa da muryar mai karɓar hukunci. Borghild tana kwashe kofuna, ba ta ko ɗago ba, ta ce:

“Kuɗinku kuke ɗaukewa daga wannan aljihu kuna sawa a wancan. Ku duka kun ƙoshi. Masu jin yunwa suna bakin tagata kullum, ba wanda ya taɓa kallon su.”

Layin jirgin fito take nufi. Direbobin manyan motocin da suke kwasar kifi zuwa kudu, da baƙin da suke zuwa kallon hasken nan mai launi da yake fitowa a sama da dare lokacin sanyi, sukan daɗe a cikin motoci suna jira, ba abin ci sai na'urar sayar da cakulan da rabin lokaci a lalace take. Gaskiya ba mu taɓa lissafa su cikin mutane masu ciki ba. Layi ne kawai da muke kewayewa idan za mu shago. Kuma mun ɗauka harshen kifi abincin gida ne, baƙo ba zai sa a baki ba. Kyrre ya tambaya wa zai soya. Ta ce kasko tana da shi, gareji ma tana da shi, ƙafafu ne babu. Mutum ɗaya take so, ba kuma cikin masu warin hanjin kifi ba. Ba ta dube ni ba. Ta dai ɗauke kofina tun ban gama sha ba.

Ban aika Eirin ba, don da ta ji ƙamshin tausayi ba za ta je ba. Borghild ce ta tare ta da kanta a bakin shago. Ina tsaye ina duba jarida, na ji komai.

“Ke jikar Jentoft. An ce kin fi ƙarfin aikin gayya.”

Eirin ta yi ja har kunne. Ta ɗaga hannun nata ta ce ai kowa ya san dalili.

“Hannu nawa ake juya kasko da shi?”

“Ba na son a tausaya min, Borghild.”

“Wa ya ce ina da lokacin tausayinki? Nawa ƙafafun sun mutu, naki suna aiki. Asabar da safe. Ki ɗaure gashin nan, ba na son shi a cikin bota.”

Ta juya da sandarta ta tafi. Eirin ta ce min tsohuwar nan ba ta da ladabi. Na ce haka take tun muna yara. Ranar Asabar na leƙa gidansu, na ga takalmanta ba sa bakin ƙofa.

Kaskon baƙi ne, na ƙarfe mai nauyi, wanda ta ciyar da ma'aikata da shi shekara da shekaru. Aka ɗora shi a kan murhun gas a bakin gareji. Borghild ta zauna a kujera da bargo a gwiwa tana ba da umarni: fulawa, gishiri, ɗan barkono, bota kada a yi mata rowa, kada a taɓa harshe sai gefensa ya yi ruwan zuma. Eirin ta ƙona na farko, aka ce mata makauniya. Na biyu ya yi. Sai dai ba wanda ya fito daga mota. Iska tana kaɗa ƙamshin zuwa teku, tsuntsaye kaɗai suka taru. Borghild ta ce to, tunda su ba su da ƙafa, Eirin tana da su.

Eirin ta ɗora faranti a kan hannun hagun, ta tallafe shi da ƙirji, ta je ta ƙwanƙwasa gilashin babbar motar farko. Direban ɗan Poland ne. Ya tambayi mene ne, ta faɗa masa, ya yamutsa fuska. Ya tambayi na mene ne kuɗin, ta faɗa masa inda ajin zai je. Ya ce kakarsa daga wajen take. Ya ɗauki ɗaya kamar mai shan magani. Sannan ya karɓe farantin gaba ɗaya, ya ɗauki waya ya kira na bayansa.

Daga ranar garejin bai huta ba, Asabar da Lahadi, wani lokaci har da yammacin ranakun makaranta. Masu yanka suka riƙa kawo bokitinsu kai tsaye wurin Eirin. Da aiki ya yi mata yawa aka ba ta Sindre ya riƙa birgima harsuna a fulawa. Na ji ta da kunnena tana ce masa ya yi sauri, ba tausa aka ce ya yi musu ba. Akwai kuma wani abu da ba a taɓa yin maganarsa a fili ba. Da safe Borghild takan tarar da ledoji masu ƙanƙara a bakin matakalarta, ba suna. Harsunan da muka saya ne suke komawa a sake sayar da su. Ban san su wa suke kaiwa ba. Na dai haɗu da maƙwabcina a hanyar wata safiya, kowa da abu a ƙarƙashin riga, muka yi maganar iska.

Kifi ya fara komawa arewa, asusu ya cika har da ragowa. Kyrre ya sake tambayar Eirin, ta ce za ta yi tunani. Wai ai wasu ne suka yanka, ita juyawa kawai ta yi. Na fara jin tsoron duk wannan bota ta tafi a banza.

Ranar da aka rufe garejin ina kicin ɗin Borghild ina shan gahawa, Eirin tana goge kaskon da gishiri, don ba a sa masa sabulu. Borghild tana kallon taga. Ta ce, kamar mai maganar farashin dankali, mahaifinta ya taɓa zuwa ƙasar Poland ɗin lokacin yaƙi, ba da son ransa ba. An tafi da shi tana goye, ya dawo tana gudu. Ni na san mutumin. Har ya mutu akwai guntun burodi a aljihun rigarsa, ko a coci.

Ta ce, “Bai taɓa ba mu labari ba. Abu ɗaya ya faɗa, wai akwai itatuwa a bayan wayar shingen inda aka tsare su, dogaye, ba irin namu da iska ta tanƙware ba. Na yi ta cewa baɗi zan je in gani.” Ta ɗan buga sandarta a ƙafarta. “Ke ki duba min. Waɗancan ba zan aike su ba, Sindre ko hancinsa ba ya gani.”

Eirin ta ci gaba da aikinta. Ta gama goge kaskon, ta shafa masa mai, ta rataye shi. Da za mu fita ta tambaye ni ko babbar jakata mai taya tana nan.

Sun tafi farkon bazara. Da suka dawo, jirgin fito yana sauke bas ɗin, Eirin ta ce wa direba ya tsaya a gidan farko. Iyayenta suna jira a makaranta da furanni, ita tana kicin ɗin Borghild, ƙofa a rufe. Sun daɗe. Ban san abin da suka faɗa ba, ban kuma tambaya ba. Daga baya, muna gyaran raga ni da ita, ta ce min, “Kaka, akwai itatuwan.” Shi ke nan.

A wajenmu ba a cika zuwa a ce wa mutum an gode ba, sai ya rasa inda zai sa idonsa. Da sanyi ya dawo sai na riƙa zuwa da shebur ina kwashe wa Borghild ƙanƙarar ƙofa kafin ta tashi. Takan buɗe taga ta ce, “Jentoft, ka bar kusurwa.” In koma in kwashe kusurwa. Sanyi biyu na yi ina yi. Na uku ba a buƙata ba, ta riga ta rasu.

Gidan an sayar wa wasu mutanen kudu, amma sun bar wa makaranta garejin a lokacin kifi. Kaskon yana hannun 'yan ajin ƙarshe, kowace shekara su miƙa wa na bayansu, kuma har yau ba a sa masa sabulu. Eirin tana karatu a birnin Tromsø, ta ga ƙasashen da ni ko sunansu ban iya faɗa ba. Idan na bi ta tashar ranar Asabar nakan tsaya in sayi faranti ɗaya, in ci a tsaye. Yaran yanzu suna yi wa bota rowa. Ba na faɗa musu. Da Borghild tana nan, da ta faɗa.