Marigayi Mai Aski

A duk layin, Marigayi ake kiransa, kuma yana amsawa da fara'arsa. Mai aski ne. Shagonsa kujera ɗaya ce, da madubi mai tsaga, da fanka mai kukan akuya. Sunan ya samo asali ne ranar da masu shirya fim suka ari shagon, wanda zai fito a gawa kuma bai zo ba. Darakta ya dubi mai aski sama da ƙasa ya ce, "Malam, ka iya kwanciya?"

"Ranka ya daɗe, tambayi matata."

Aka shafa masa jan ruwa a wuya, aka shimfiɗe shi bayan kujera. 'Yar wasan da ta fito a matarsa ta durƙusa a kansa tana rusa kuka, har hawayenta na ɗiga masa a kunne. Zuciyarsa ta karye. Ya tashi zaune ya ce, "Haba baiwar Allah, yi haƙuri, da raina!" Darakta ya dafe kai. Da aka sake ɗauka ya dage ya yi lamo, har barci ya kwashe shi, sai minshari.

Da fim ɗin ya fito, ƙafafunsa kawai aka nuna, da safa mai huji. Ko a jikinsa. Duk wanda ya hau kujerarsa sai ya sha labari.

"Fim ne na masu hankali," yakan ce. "Ɗan sandan ciki ba ya ihu, ba ya bin kowa da gudu. Kallonka kawai zai yi, ka ji kana son tona wa kanka asiri. Ni da aka kashe ma ban san wanda ya kashe ni ba sai a ƙarshe!" Daga nan sai ya faɗi ko wane ne, masu jiran aski suna toshe kunnuwa.

Mahaifiyarsa ce ba ta ga abin yabo ba. Ranar da ɗan wasan da ya fito a makashin ya zo aski, tana zaune a bakin ƙofa. Ta ƙura masa ido, ta miƙe da sandarta.

"Kai ne ka yanka min ɗa?"

"Mama, wasa ne fa. Ga shi nan tsaye."

"Ba da kyan halinka ba!"

Mutumin ya fice a guje, rabin kai a aske, tawul a wuya. Marigayi ya bi shi har titi da almakashi a hannu, yana roƙonsa ya dawo a ƙarasa. Har yau tawul ɗin bai dawo ba.