Rabon Gonar Auduga

Da za a raba gonar audugar kakanmu, Baffa ne ya fara zaɓa, don shi ne babba. Ni kuwa wata biyu ina zirga-zirga daga unguwarmu Sheshe zuwa gonar, ina soka 'yar na'urar awon danshi a ƙasa, ina duba taswirarta a waya. Ba wanda ya koya mini, kuma wallahi duk na ƙagu in nuna wa dangi.

A zaure na fara bayani ke nan sai Baffa ya ce, "Ku ji manomin waya. Kai ko fartanya ka taɓa riƙewa?" Kowa ya yi dariya, har mahaifina.

Ya ɗauki gefen baƙar ƙasa, ya bar mana jigawa. Na san ruwa yana kwanciya a gefen nan nasa, auduga kuwa ba ta son haka. Na ja bakina na yi shiru.

Da kaka ta yi, audugarmu ta fashe fari tas, tasa ta tsumbure. Ya aiko in je in auna masa. Na ce zan je, amma sai ya zo ya roƙa da bakinsa a gaban jama'a. Har yau bai zo ba, ni ma ban je ba.