Tsakuwar da ta rage a tanki

Motar surukina ta daɗe a tsakar gidanmu a Tahoua ba ta motsi, har kajina suka mai da ita ɗakin ƙwai. Ni dai ban ga amfaninta ba. Sau nawa na ce wa maigida ya kira maƙera su sassare ta su yi mana murhu, sai ya yi kamar bai ji ba. Ta mahaifinsa ce, Allah ya jiƙansa.

Wata rana Inna, mahaifiyarsa, wadda idanunta suka riga suka tafi, ta ce tana son zuwa Barmou gun ƙanwarta, kuma ba za ta shiga motar kowa ba sai ta mijinta. Jikinta ya yi rauni sosai, duk mun san ba tafiyar da za a ɗaga ba ce.

Makanike ya zo, wani Bamaraɗe mai yawan surutu. Ya ce inji lafiya lau, amma tanki ya ci tsatsa, in aka zuba isansi, wato fetur, garin tsatsar zai toshe komai. Ya kwance tankin ya ce a zuba tsakuwa a yi ta girgizawa har cikin ya yi fes.

Maigida malamin lakwal ne, wato makarantar boko, mai ritaya, ko turmi bai taɓa ɗagawa ba. Girgiza kaɗan ya yi, bayansa ya riƙe. Sai ya rataye tankin a reshen bedi da igiyar guga, yana turawa ina tarewa. Ƙarar kuwa, caka-caka, caka-caka, sak ta cakin makaɗa.

Ba a jima ba sai ga maƙwabciyata ta faɗo gidan, ta sha lalle da sabon zane, fuska a murtuke.

"Yanzu ke, buki kukai ba ki hwaɗa mani ba? Mi ni yi maki?"

Na nuna mata tanki. Ta dube shi, ta dubi Malam yana haki, ta ce tunda ta riga ta yi kwalliya ba za ta koma haka nan ba. Ta gyara ɗamara ta shiga rawa. Kafin la'asar matan unguwa sun cika gidan, suna karɓa-karɓar turin tanki, har da mai guɗa. Haushi ya cika ni, don sai da na dafa musu shinkafa.

Aka zazzage tsakuwa da jan gari mai yawa. Makanike ya liƙe hudojin da tsatsa ta yi da dalma, ya zuba wani ruwa mai kauri ya juya tankin har ya shafe cikinsa, aka bar shi ya bushe.

Ranar tafiya mota ta tashi. Muna hawa hanyar jar ƙasa sai muka ji ƙwal-ƙwal a baya. Tsakuwa ɗaya ta maƙale a ciki. Malam ya fara faɗa, wai gobe sai an sake kwance tankin.

Inna ta ɗaga hannu. "Kak ka taɓa ta. Haka motag ga taka yi sa'ad da ubanka ya ɗauko ni ina amarya. Sai yanzu ni gane ta."

Haka muka tafi da ƙarar har Barmou. Ni da nake son a yi murhu da motar, ni na fi kowa kuka.

Inna ba ta kai damina ta gaba ba, Allah ya jiƙanta. Kwanan baya makanike ya ce zai cire tsakuwar kyauta, ni da kaina na kore shi.