Yadda Tsohuwar Jif Ta Sa Na Rushe Auren Ɗan Maƙwabcina

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. A lokacin da abin nan ya faru ina da shekara arba'in da 'yan kai, ina sarin hatsi daga ƙauyuka, ina zaune a gidanmu na gado a Koki. Mutum ne ni mai riƙo. Idan ka taka ni yau, ko bayan shekara uku sai na rama, kuma a lokacin ina ɗaukar hakan a matsayin mazantaka. Abin da nake taƙama da shi a duniya shi ne wata tsohuwar jif mai ja da taya huɗu, wadda ke ratsa lakar damina inda ƙananan motoci ke kafewa.

Lungunmu ba ya shigar mota, saboda haka a bakin titi nake ajiye ta. Idan na dawo da wuri ina samun fili a gefen masallaci. Idan na makara, sai dai jikin katangar wani dattijo maɗinkin huluna, inda dole in hau da tayoyi biyu kan wani tudu don masu wucewa su samu hanya. Wata rana dattijon ya ce mini cikin lalama motar tana tare masa ƙofar zaure. Na amsa masa da cewa titi ba gadon kowa ba ne. Babban ɗansa, mai gyaran wayar mota, yana tsaye yana ji.

Bayan wannan ne jif ta fara tsiya. Yau in murɗa makulli ta tashi kamar sabuwa, gobe in murɗa ta yi ƙas sau ɗaya ta yi shiru. Na canza batir, na sa an kwance kik ɗin da ke tayar da inji an wanke, na canza makunni. A gareji kuwa ko sau goma aka gwada sai ta tashi, har makanikai suka fara yi mini kallon mai ƙarya. Da na zauna na yi nazari sai na ga ba ta taɓa ƙin tashi a gefen masallaci ba, kullum sai in ta kwana a ƙofar dattijon nan. Sau biyu kuma ɗansa ya fito ya tarar da ni ina gumi, ya buɗe bonet, ya girgiza wayoyi, ta tashi nan take. Ya ce in kawo masa ita ya duba a nitse. Ni kuwa na ce a raina, wanda ya ɗaure ai shi ya san inda zai kwance. Ranar da na rasa kasuwar ƙauye sukutum saboda ita, mutanen unguwa suna tura ni suna dariya, na yi ƙwafa na ci alwashin sai ɗan dattijon ya gane kurensa.

Ban jima ina jira ba. Yaron yana neman aure a Gwale, kuma kamar yadda aka saba, dangin yarinyar suka turo mutum biyu bincike. Da yake ni maƙwabci ne kuma magidanci, har zaurena suka zo. Na shimfiɗa musu tabarma, na kawo ruwa, na yi ta jan rai kamar mai jin nauyin magana. Sannan na ce ni dai ba na son shiga tsakani, amma tunda amana ce, yaron mugu ne mai ɓoyayyen hali, yana lalata motocin mutane a ɓoye don a neme shi, kuma wanda zai cuci maƙwabci ban san me zai yi wa mace ba. Wallahi har rantsuwa na yi. Cikin mako biyu aka mayar wa gidan dattijon kayan sa rana. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na ga yaron ya rame, ya daina zama a majalisa, ina wucewa ta gabansa ina danna hon da gangan.

Wata uku bayan haka motar ta mutu mini a wani ƙauye, inda na ajiye ta a karkace a bakin rafi. Wani tsohon makanike da ke gyaran injin ban-ruwa ya tambaye ni yaushe da yaushe take yin haka. Da na gaya masa, ya kalli yadda take tsaye, ya shiga ƙarƙashi, ya fito da ƙatuwar wayar da ke haɗa batir da jikin mota. Ta ci tsatsa, saura 'yan silli. Ya ce idan motar na tsaye daidai wayar tana taɓawa, idan ta karkace sai jikin ya ja ta ta saki, kuma duk wanda ya girgiza wayoyin wajen zai iya tayar da ita ba tare da ya san dalili ba. Nan take na tuna da tudun ƙofar dattijon, inda motar ke kwana a karkace.

Na je wajen dattijon na faɗa masa komai. Ya ce nasa ya yafe, amma haƙƙin ɗansa ba a hannunsa yake ba. Na je Gwale na ƙaryata kaina, suka ce ai an riga an ɗaura mata aure da wani. Yaron kuwa ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ya ji, Allah yana nan. Daga baya ya kwashe kayan aikinsa ya bar garin, kuma har yau ba ya ɗaga wayata.

Abin da na koya shi ne, na yi wata huɗu ina binciken mota, amma ban yi binciken minti ɗaya ba kafin na yanke wa mutum hukunci. Ina roƙon masu karatu, idan aka zo muku binciken aure alhali kuna da ƙulli a zuci, ku ce ba ku sani ba, ku tura su gaba. Wayar motar nan a rabin awa aka canza ta. Ni shekara shida ke nan ina neman yafiya ban samu ba.