Kwalbar Kornisho a Shekarar Fari

Ranar jajibirin Kirsimetin 1984, Baba ya ɗora wata kwalba a kan turmin da aka kife a tsakar gidanmu a Arlit, ni kuwa na saki baki ina kallo. A cikinta wasu 'yan kokwamba ne da ba su fi ɗan yatsana ba, kore shar, suna iyo cikin ruwan tsami. A shekarar nan ta fari idona ya manta da kore. Sunansu kornisho, in ji Baba, kuma su kaɗai Madam, Baturiyar da yake wa aiki, ta bar masa da kasuwar uraniyom ta faɗi, ita da mijinta injiniya suka tattara suka koma ƙasarsu.

Baba kuku ne, ya daɗe yana dafa wa Nasara abinci a unguwar manyan kamfani. Mu mutanen Maraɗi ne, 'yar ikilisiyarmu ko ɗaki ba ta cikawa, kuma a gidanmu ake taruwa kowace Kirsimeti, maƙwabtanmu Musulmi ma su shigo, don kowa ya san hannun Baba. Bana ga baƙi tafe, ga kuku ba aiki, ba nama, ba shinkafa. Na ji shi yana ce wa Inna, "Kunyar ita ka kashe ni, ba yunwa ba."

Da la'asar sai ga Gaishita, wata Buzuwa daga Gugaram da fari ya cinye mata garke sai akuya ɗaya, ta kafa bukka a bayan gari. Kullum a famfonmu take ɗibar ruwa. Ta ajiye 'yar ƙwaryar nono ta ce da Hausarta ta Buzaye, "Akuya ya ba da kaɗan, ku karɓa." Baba ya dubi nonon, ya dubi kwalbar, sai na ga fuskarsa ta saki.

Ya juye nonon cikin sabon kallabin Inna, ya rataye a igiyar shanya, ya sa ni korar ƙuda. Ƙawayena na gaɗa a waje, amma ko gezau ban yi ba, ina kallon ruwan yana ɗiga. Washegari nonon ya yi kauri kamar man shanu. Baba ya yanka kornishon mitsi-mitsi, wuƙar na gudu har ba na ganin bakinta. Na daka tafarnuwa da gishirin Balma, ya zuba, ya ƙara albasa da ɗan ruwan kwalbar, ya juya. Busasshen burodi kuwa ya yanka shi siri-siri ya gasa a garwashi. Da ya lakato ya sa mini a baki, tsami da gishiri da sanyi suka haɗu, wani abu ya yi ƙaras a haƙorina. Wallahi na ɗauka Babana ya iya sihiri.

Da baƙi suka zauna, Malam Idi, direban kamyo, wato babbar mota, mutumin Tawa, ya leƙa kwanon, ya ga abu fari, ya ce a kawo ludayi da ruwa ya dama. Gabana ya faɗi, don in aka sha shi kamar fura, mutum ɗaya zai shanye Kirsimetinmu. Baba ya durƙusa, ya tsoma burodi, ya miƙa masa. Malam Idi ya ɗanɗana, ya yamutse fuska ya ce, "Nono da gishiri? Wagga wace irin hura ce?" Sai muka ga hannunsa ya sake komawa kwanon. Dariya ta ɓarke, hannaye suka yi caa, kuma da yake tsomawa ake yi, ɗan kwanon nan ya zagaya kowa, har Gaishita da 'ya'yanta. Baba ya juya baya wai yana gyara garwashi, amma na ga yana share ido.

Yau a Yamai kwalaben kornisho jere suke a kanti, firigona kuma ba ya rabuwa da nono. Ina haɗa wa 'ya'yana, su lakata suna kallon waya. Baba ya rasu, Gaishita kuwa tun lokacin tawayen Buzaye ba mu sake jin ɗuriyarta ba. Har yau in na buɗe kwalba, nakan tsaya in kalli koren kafin in ɗauki wuƙa.